Kukan Bayan Tsohuwar Land Cruiser

Ƙarar mota ba ta faɗin gaskiya game da inda ta fito. Motoci irin su Land Cruiser da Hilux, waɗanda a Nijar ake ce wa kat-kat, gangar jikinsu a ɗore take a kan shasi, wato dogayen ƙarafa biyu da suka miƙe daga gaba har baya kamar tsani. Ƙarfe kuwa gwani ne wajen ɗaukar sauti. Abin da ya ƙwanƙwasa a ƙarƙashin kujerar direba yana iya bin shasin ya ɓullo can wajen ƙofar baya, bayan motar kuma idan babu kaya tamkar ganga yake, duk abin da ya shiga sai ya kumbura shi. Saboda haka idan direba ya shiga gareji ya ce ƙarar daga tayar baya ta hagu take, iyakar abin da ya tabbatar shi ne a can kunnensa ya tsince ta.

Wannan ne ya sami wani direba da ke jigilar mutane da buhuna a ƙauyukan fadamun da ke tsakanin Haɗeja da Nguru. Motarsa Land Cruiser ce samfurin 80, irin waɗanda Toyota ta ƙera a Japan daga 1990 zuwa 1997, mai injin dizal na 1HZ, lita 4.2, silinda shida, injin da direbobin daji suka yarda da shi fiye da yadda suka yarda da wasu 'yan uwansu. Bayan damina ta ɗauke sai motar ta soma wani siririn kuka daga baya, wanda ba a jin sa sai an hau kwalta an miƙe. A gareji na farko aka canja masa abin shanye girgiza na baya guda biyu. A na biyu aka ce tayoyi ne. A na uku aka canja boris ɗin tayar hagu, domin nan ya nuna da yatsa. Kowane lokaci sai ya fito yana jin kamar an samu sauƙi, saboda wanda ya biya kuɗi kunnensa kan yi masa kara na kwana biyu, daga nan kukan ya dawo yadda yake.

Ba lallai ne a kira waɗannan kanikawa macuta ba. Matsalar ta fi haka zurfi. A yawancin garejojinmu ba a biyan kuɗin saurare. Ladan bakanike yana cikin abin da ya kwance ya ɗaura, don haka wanda ya ɓata awa guda yana zagaye da mota yana kasa kunne, ya dawo ya ce noti ɗaya ne ya saki, ya yi aikin da ya fi kowanne wuya, ya kuma tashi da abin da bai kai kuɗin shayi ba. Mai mota ma da nasa laifin, domin ya fi samun natsuwa idan an miƙa masa tsohon ƙarfe a hannu an ce ga abin da ya lalace. Haka ake yin ta lalube, ana canja lafiyayyun kaya ɗaya bayan ɗaya, da fatan a dace.

Bakanike na huɗu, wani dattijo, bai taɓa sufana ba a ranar farko. Ya shiga ya zauna a kujerar baya, ya ce, “Malam, ja mu je.” Abin da ya yi a wannan tafiya shi ne ainihin sana'ar: tun da ba za a iya ganin ƙarar ba, sai a riƙa sauya yanayin da motar ke ciki, abu ɗaya a lokaci guda, a ga wanne ne ke taɓa ta.

Ya fara da sa direban ya sauka daga kwalta ya hau burji. Kukan taya yana bin fuskar hanya, yana sauya murya da zarar ƙasa ta sauya. Wannan bai sauya ba, sai dai tsakuwa ta ɗan rufe shi. Suka bi ta gargada, babu wani gwaf ko ƙwas da ya ƙaru, wanda ya wanke robobin ƙafa, da salansa, da safayar taya da ke rataye a ƙarƙashin bayan irin wannan mota, wadda idan ta yi sako-sako takan yi bugun da ya sha sa mutane kwance abin da bai ji ba bai gani ba. Ya sa aka taka birki a hankali ana cikin gudu, aka ɗan ja birkin hannu, kukan bai kula ba. Sannan a inda hanya ta yi fili ya ce a karkata sitiyari hagu, a dawo dama. Idan mota ta karkata, nauyinta yana komawa kan tayoyin da ke waje, boris ɗin da ya ci kuwa yakan ƙara gurnani idan aka ɗora masa nauyi, ya sassauta idan aka sauke. Nan ma shiru. Ashe boris ɗin da aka cire a gareji na uku lafiyarsa ƙalau.

Akwai kuma lissafi, kuma shi ne wurin da kunnen gwani ya bambanta da na kowa. Tayar irin wannan mota, zagayenta ya kai kimanin mita biyu da rabi. A gudun kilomita 36 a awa, mota na cin mita 10 a kowane sakan, wato taya na juyawa sau huɗu. Amma farfela, dogon bututun da ke kawo ƙarfin injin zuwa baya, tana juyawa wajen sau huɗu kafin taya ta juya sau ɗaya, kenan sau 16 a sakan. Duk lahanin da ke tare da taya, ko birki, ko sandar aksul, yana da kiɗan da za a iya ƙirgawa idan ana tafiya a hankali, dum, dum, dum. Wanda ke tare da farfela ya fi ƙarfin ƙirga, sai dai ya zo a matsayin ruri ko siririn kuka. Kukan wannan mota na biyun ne.

Sauran tambaya ɗaya. Dattijon ya ce a taka totur sosai, sannan a ɗage ƙafa gaba ɗaya. Da aka taka, kukan ya lafa; da aka ɗage, ya tashi har direban da kansa ya waiwayo. Taya ba ta san ko an taka totur ba, boris ɗin taya ma bai sani ba. Abin da ya sani shi ne difaranshiyal, tulun nan da ke tsakiyar aksul na baya. A cikinsa akwai ƙaramar giya mai kama da tsinin dunƙule, wadda farfela ke juyawa, ita kuma tana juya wata babba mai kama da faifai. Idan injin na tura mota, haƙoran giyoyin suna gogar juna ta fuska ɗaya. Idan an ɗage ƙafa, motar ce ke tura injin, sai su koma gogar ɗaya fuskar, matsin da ke kan ƙaramar giyar kuma ya juya. Boris biyu ne ke riƙe da ita a matse. Idan suka ci, ta sami wurin motsi, a wannan juyawar ne take kuka.

Mai karatu na iya tambayar me ya sa ba a ɗaga bayan motar a jak ba, a sa giya, a saurara daga ƙasa. Ana yi, a ɗora bakin doguwar sukundireba a jikin tulun, a kanga kunne a ƙotarta. Sai dai da yawa daga cikin samfurin 80 ƙafa huɗu suke ja a kowane lokaci, kuma idan aka ɗaga baya kaɗai, tayoyin gaba na iya jawo motar ta sauko a kan wanda ke kwance a ƙarƙashinta. Ko an ɗaga duka huɗun, giyar da ba ta ɗauke da nauyi sau da yawa takan yi shiru, ta bar mutum da zaton babu komai.

Washegari aka kwance notin ƙasan tulun. Man giya mai lafiya launin zuma yake, ko ya yi duhu idan ya tsufa. Wanda ya zubo fari-fari ne mai kauri kamar kunun gyaɗa, alamar ruwa ya shiga. A kan notin akwai maganaɗisu. Laushin baƙin gari a jikinsa ba abin damuwa ba ne, amma wannan ɓarɓashi ne mai ƙyalli da ake ji a yatsa. Yadda ruwan ya shiga ba boyayye ba ne. A saman aksul akwai wata 'yar ƙofar numfashi da ke barin iska ta fita idan ƙarfe ya yi zafi. Motar da ta yi tafiyar awa biyu ta faɗa cikin ruwan fadama, aksul ɗinta na hucewa nan take, iskar ciki ta tsuke, sai ya zuƙo abin da ke waje, ta ƙofar numfashin ko ta bakin robobin da ke tare mai. Damina guda ana haka, ba a taɓa duba man ba. Ruwa ya sa tsatsa ta yi wa boris ɗin ƙananan ramuka, ramukan suka ci gaba da cin kansu.

“Baba, ba za ta kai ni ƙarshen wata ba?” in ji direban. Dattijon ya ce tana iya kaiwa, tana kuma iya ƙin kaiwa. Ƙara ba duka ɗaya ba ce. Robar ƙafa da ta tsage tana iya shekara tana damun kunne ba tare da ta kashe kowa ba. Wannan kuwa, idan aka bar shi, giyoyin za su ci gaba da haɗuwa a karkace har haƙoransu su lalace, gyaran boris biyu ya koma sayen tulu sukutum. Idan kuma boris ya ƙone ya cije ana cikin gudu, tayoyin baya na iya ƙamewa da mutane goma a cikin mota, a wurin da waya ba ta kamawa.

Da aka ciro tulun, an tarar haƙoran sun riga sun soma zaizayewa. Gyaran irin wannan wuri aikin awo ne: matsin boris yana da ma'auninsa, ratar da ke tsakanin haƙora ba ta kai kaurin farce ba, ana kuma shafa musu launi a juya don a ga inda suke taɓa juna. Garejin da ba shi da kayan wannan awo zai iya sa sababbin kaya motar ta fito da kukan da ya fi na da. Don haka aka yanke shawarar a nemo cikakken tulu na hannu a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano.

Nan ma akwai tarko, wanda mai mota mai jan ƙafa biyu bai san da shi ba. Tulun gaba da na baya dole rabon giyarsu ya zama ɗaya, in ba haka ba tayoyin gaba da na baya za su riƙa neman gudu daban-daban, akwatin da ke raba musu ƙarfi a tsakiya ya ɗauki wahalar. Daga waje kuwa tulunan kama suke da juna, kama da wane kuma ba ta wane. Babbar giya mai haƙora 41 da ƙarama mai 10 suna ba da 4.10, idan ƙaramar mai 9 ce, ya zama 4.56. Dattijon bai yarda da rubutun fenti da ke jikin kayan ba. Ya ba yaronsa alli, ya ce ya yi alama a haƙori ɗaya, ya ƙirga har ya dawo kanta, a tsohon da sabon, kafin a miƙa ko sisi. Na farko da aka fito da shi ƙaramar giyarsa tara ce, aka mayar. Na biyu ya dace. Kafin motar ta bar gareji aka sa wa ƙofar numfashin dogon tiyo, aka ɗaure bakinsa can sama a jikin shasi, inda ruwan fadama ba ya kaiwa.