Shagon da Ba Shi da Sito

Duk ɗan kasuwar Kano da ya shiga ƙaramin kantin unguwa a Japan, irin wanda suke kira konbini, abin da idonsa zai fara nema shi ne sito, kuma ba zai gani ba. Akwai ɗan ɗaki a baya, amma bai wuce ya ɗauki tebur da kwamfuta da 'yan kwalaye ba. Abin da ke jere a kan kanta, kaya kusan iri 3,000, shi ne kusan duk dukiyar kantin. A Kwari ko Singa, in aka ga mutum a haka sai a fara raɗe-raɗin ya kusa karyewa. A nan Nagoya kuwa, alama ce ta ciniki na tafiya daidai.

Ba haka suka taso ba. Lokacin da aka buɗe kantin 7-Eleven na farko a unguwar Toyosu ta Tokyo, a watan Mayun 1974, motoci kusan 70 ne ke tsayawa a ƙofarsa kullum, kowane kamfani da tasa motar, kowa kuma yana so a sari kayansa da yawa. Ɗan kanti sai ya cika da abin da ba a nema, abin da ake nema kuma ya yanke. Toshifumi Suzuki, wanda ya kawo kantin daga Amurka, ya lallashi masu kaya su riƙa sayarwa kaɗan-kaɗan, kuma a haɗa kayansu a mota ɗaya gwargwadon sanyi ko ɗumin da kowanne ke buƙata. A hankali motocin suka ragu zuwa kusan tara. A 1982 aka saka na'urar da ke karanta lambar jikin kaya a wurin biyan kuɗi. Amurkawa sun riga su amfani da ita, don saurin sallamar mutane da hana kuskuren lissafi. Su Suzuki sai suka mai da ita hanyar sanin me aka saya, a wane kanti, da ƙarfe nawa.

Sunan tsarin tanpin kanri: bin kowane kaya ɗaya bayan ɗaya. Ba a cewa "abinci ya tafi yau". Ana cewa dunƙulen shinkafa mai kifi ya ƙare da sha biyu da rabi, mai tsamiyar Japan kuma ya yi saura huɗu. Mai yin oda, wanda sau da yawa ɗalibi ne ko uwar gida mai aikin 'yan sa'o'i, yana riƙe da allon kwamfuta da ke nuna masa cinikin makon jiya da hasashen yanayin gobe. A kan wannan sai ya ɗora abin da shi ya sani: makarantar da ke bayan layi tana da wasanni ranar Asabar, an fara gini a tsallaken titi, leburori za su zo da rana. Ya yi oda, gobe na'ura ta nuna masa ko ya canka daidai. Wannan gefen ne ya fi burge ni, don kwamfutar ba ta ƙwace hukunci daga hannun mutum ba, tana dai hana shi yaudarar kansa.

Tushen wannan tunani yana nan jihar Aichi, a kamfanin Toyota, kuma talauci ne ya haife shi. A 1950 kamfanin ya kusa durƙushewa, aka sallami ma'aikata, Kiichiro Toyoda da ya kafa shi ya sauka daga kujera. Ba su da kuɗin da za su binne a tarin ƙarafa kamar yadda Ford da General Motors ke yi. Taiichi Ohno, injiniyan kamfanin, sai ya juya tsarin: maimakon sashen farko ya ƙera abu ya tura gaba, sashen gaba ne zai zo ya ɗauki abin da yake buƙata, na baya ya maye gurbin abin da aka ɗauka kawai. Saƙon yana tafiya a jikin kati, kanban, wanda ke maƙale da kowane akwati. Akwati ya ƙare, kati ya koma, a ciko wani. Babu kati, babu ƙira. An fara gwada shi a 1953, ya game masana'antun kamfanin cikin shekaru goma, duk ba da kwamfuta ba. A daidai lokacin, Amurkawa irin su Joseph Orlicky na IBM suna gina manhajar da ke hasashen buƙata daga sama ta rarraba oda zuwa ƙasa, wadda jikokinta su ne manyan manhajojin da bankuna da kamfanonin siminti ke saya a yau. Ita Japan takarda ta fara gyarawa, na'ura ta biyo baya. Hatta lambar QR da muke ɗauka da waya muna tura kuɗi, injiniya Masahiro Hara na kamfanin Denso ne ya ƙirƙiro ta a 1994 don bin sawun sassan mota, saboda tsohuwar lamba mai zane-zane ta kasa ɗaukar bayanan da ke kan katin.

To me ya hana mu yin haka? Masu shirya bita a otal-otal sukan ce jahilci ne ko ƙin zamani. Ban yarda ba. Mai kanti a Nagoya yana iya zama ba sito ne don ya tabbata motar da aka ce za ta zo ƙarfe biyar za ta zo ƙarfe biyar, wuta ba za ta ɗauke ba, kuma farashin gobe shi ne na yau. Kusan shekara 25, daga tsakiyar shekarun 1990, farashi a Japan bai motsa wani abin kirki ba, ga hayar fili da tsada. Kayan da ke kwance asara suke jawowa. Masu kawo wa Toyota kaya kuma yawancinsu suna nan kewaye da ita, tafiyar awa ɗaya ko biyu.

Alhajin Kwari kuwa shaddarsa da atamfarsa sai sun yi makonni a teku daga Sin, su yi zaman tashar Legas, sannan tirela ta ci fiye da kilomita 1,000 kafin ta shigo Kano. Ya ga an rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 har Disambar 2020. Ya ga an rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023. Ya ga an saki naira a Yunin 2023, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024. Wanda ya bar jarinsa a banki a wannan tsakanin ya narke, wanda ya mai da shi dila ya tsira. A Dawanau ma sau ɗaya ake kaka a shekara, dole wani ya riƙe gero da masara da wake har bazara da tsakiyar damina, in ba haka ba babu abin da za a auna a watan Yuli. A wurinmu sito shi ne banki, kuma wanda ya cika shi ya san abin da yake yi.

Su ma Japanawa sun ɗanɗana kuɗar rashin ajiya. A Fabrairun 1997 gobara ta cinye masana'antar Aisin da ke Kariya, wadda kusan ita kaɗai ke yi wa Toyota wani ƙaramin bawul na birki, sai layukan haɗa mota suka tsaya cak na kwanaki. Girgizar ƙasar Maris 2011 ta lalata masana'antar Renesas mai ƙera ƙwaƙwalwar lantarki ta mota, aka yi watanni kafin a farfaɗo. A nan ne Toyota ta gano cewa ta san masu kawo mata kaya, amma ba ta san masu kawo wa waɗannan ba. Ta gina rumbun bayanai mai bin sarƙar har ƙasa, ta kuma nemi a riƙa ajiye irin waɗannan sassa na wata biyu zuwa shida. Wato ta koma ga hikimar rumbu, amma a kan abin da ke da wuyar samu kaɗai, kuma tana sane da adadinsa. Na'urar kanta takan ci amanarsu: ranar 1 ga Maris 2022 kutsen da aka yi wa kwamfutocin Kojima, mai kawo musu kayan roba, ya rufe masana'antun Toyota 14 na cikin Japan, sannan a ƙarshen Agustan 2023 aka sake rufe su saboda ma'ajiyar kwamfutar oda ta cika ana tsakiyar gyara. Tun Afrilun 2024 kuma doka ta ƙayyade wa direbobin manyan motoci aikin ƙarin lokaci zuwa awa 960 a shekara, har wasu kantunan suka rage yawan kai kaya a rana. Ga abincin da ake zubarwa kullum don lokacinsa ya wuce da 'yan sa'o'i, abin da har yau zuciyata ba ta saba da gani ba.

Inda na ga sun fi mu ba a ƙarancin kaya ba ne, a sanin kayan ne. Littafin ɗan kasuwarmu littafin kuɗi ne da bashi: wane ya karɓi kaza, ya kawo kaza, saura kaza. A wannan ba a fin mu. Amma tambayi turmi nawa ne na wane zane ke sito na biyu, kuma tun yaushe, sai a ce a kira yaron shago, don a kansa lissafin yake. Ranar da aka sallame shi ya buɗe nasa shagon, lissafin ya tafi da shi. Da yawa ba a ƙidaya kaya gaba ɗaya sai lokacin fitar da zakka, sau ɗaya a shekara, kuma a ranar ne ake tono kwantan da ya yi shekara biyu a ƙarƙashin sabon kaya, yayinsa ya wuce, gara ko danshi sun taɓa shi. In gobara ta tashi, irin ta kasuwar Sabon Gari a 2016, littafi da kaya tare suke ƙonewa, asarar sai dai a kintata. Na'urorin POS sun cika kasuwanninmu, amma naira suke ƙirgawa, ba buhu ba.

Manhajojin da ake kawo mana daga waje su ma suna da nasu laifin. An gina su ne a kan cewa kowane kaya na da lamba a jikinsa da farashi guda. Buhun wake ba shi da lamba. Farashi a bakin ciniki yake, na Hajiya mai sari daban, na baƙo daban. Kaya yana shigowa a dila, ya fita a turmi ko yadi, ko ya shigo a buhu ya fita a tiya. Rabin cinikin bashi ne da amana, wani kayan ma na maƙwabci ne aka karɓo aka sayar kafin a biya shi da yamma. Sannan maigida ba lallai ya so dukiyarsa ta bayyana a allo ba, saboda mai haraji, saboda 'yan uwa, saboda baki. Duk mai son rubuta wa Kwari manhaja sai ya zauna a kan benci ya ga waɗannan, ya yi ta da Hausa, ta yi aiki a waya ko babu intanet. Kafin nan ma, kati a bakin kowane sito, a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita da kwanan wata, ya wadatar a gane kayan da ke gudu da wanda ke barci.

Rashin wannan rubutu yana da tsadar da ta wuce kwantai. A Fabrairun 2024, da abinci ya yi tashin gwauron zabi, hukumar karɓar koke-koke da yaƙi da cin hanci ta jihar Kano ta garƙame wasu manyan sito-sito a yankin Dawanau bisa zargin ɓoye kaya, 'yan kasuwa kuma suka musanta. Jama'a suka rabu biyu, kowa da nasa zato. Tsakanin mai ajiya da mai ɓoyewa, idon da ya leƙa sito ba zai iya rabewa ba, buhuna ne jibge a duka biyun. Abin da ke raba su shi ne ranar da kayan suka shigo, na wane ne, da yadda suke fita, kuma wannan sai a rubuce ake iya nuna shi.