Sanarwar jana'izar da ba ta kai kunnen Baffa ba



Ƴan'uwa, yau laifina zan faɗa a gabanku. Makonni uku da suka wuce Allah Ya yi wa wani dattijo na sahun gaba rasuwa a nan Takanamat. Na ɗauki hoton takardar da aka rubuta lokacin jana'iza da hannu, na saka a wannan zaure, na ɗauka na sauke nauyi. Baffana yana Tahoua wajen ɗiyarsa a ranar, wayarsa na aljihu, saƙon kuma ya shiga. Bai ji ba sai bayan an dawo daga maƙabarta, alhali shekara arba'in suka yi suna zama tabarma ɗaya da mamacin.

Shekara shida ke nan da idanun Baffa suka rufe. Da ƙaramar waya mai maɓallai ba ya neman kowa, domin akwai ɗan tudu a kan lamba 5, daga nan yatsansa yake gane sauran. Sai ɗansa da ke bida a Abijan ya aiko masa da babbar waya ta shafawa. Ya juya ta, ya shafa fuskarta sumul, ya ce mini: "Ɗana, wanga madubi ne, ni kuwa na bar duba madubi."

Wayar tana da hanya, mu ne ba mu nema ba. Tun 2009 akwai TalkBack a wayoyin Android, da VoiceOver a iPhone. Idan aka kunna, duk abin da yatsa ya taɓa sai murya ta faɗi sunansa, in kana son buɗe shi ka ƙwanƙwasa sau biyu. Kwana goma muka yi bayan sallar Isha'i muna koyo, ni ma ina ta kuskure. Muryar tasa da Faransanci take magana, tana karanta Hausa kamar mai tauna tsakuwa, amma ya saba da ita har yana kama ma'ana. Takardata kuwa, da yatsansa ya hau kanta, abin da muryar ta ce kawai shi ne hoto ne.

Tun ranar nake tuna Abdullahi ɗan Ummu Maktum, Allah Ya yarda da shi, makahon da farkon Suratu Abasa ya sauka saboda shi, wanda ya yi ladanci tare da Bilal, Manzon Allah (SAW) kuma ya sha barin Madina a hannunsa. Imam Muslim ya ruwaito cewa wani makaho ya nemi rangwamen yin sallah a gida, da aka tabbatar yana jin kiran sallah sai aka umarce shi ya amsa. To, idan shari'a ta ɗora masa amsawa da sharaɗin ji, mu da muka mayar da kiran jana'iza da na wa'azi hoto, wa zai ɗauki alhakin rashin jinsa? Ni dai ban samu wanda zan ɗora wa ba sai kaina.

Daga yau duk sanarwar da zan saka a nan, zan rubuta ta da haruffa, in kuma bi ta da saƙon murya. Wanda yake da makaho ko mai raunin gani a gida, ya zo da shi da wayarsa ranar Juma'a bayan La'asar, a ƙofar masallaci. Baffa ya ce shi zai koyar, ni aikina kunnawa kawai.