Gardamar fim a wajen mai tsire

Kwana biyu ban leƙo ba, Legas ce ta sha mini kai.

Daren Asabar muna zaune wajen mai tsire a Obalende, ni da abokan aikina biyu, ɗaya Bayarabe ɗaya Ibo, sai hira ta kai mu ga wane fim ne ya fi kowanne a duniya. Bayaraben, da yake ɗan boko ne na gaske, ya ce Citizen Kane na 1941. Hujjarsa ita ce mujallar Sight and Sound ta Ingila, mai tara ƙuri'un masana duk shekara 10. Ya ce Kane ne na ɗaya tun daga 1962 har 2002, kafin Vertigo ya ture shi a 2012. Ɗan Ibon ya ce babu ruwansa da masana, The Godfather na 1972 ne, a rufe magana.

Suka juyo kaina, "Malam, kai fa?" Na ce ni ma Godfather.

Ƙarya na yi wallahi. Na san in na ambaci fim ɗin Indiya dariya za su yi, su ce Bahaushe da rawa da waƙa. Shekara da shekaru a Kudu sun koya mini ɓoye wasu abubuwa, har ban san ina yi ba.

Nawa gwanin shi ne Mother India, wanda Mehboob Khan ya yi a 1957. Nargis ce ta fito a Radha, matar da miji ya tafi ya bar ta da yara da bashin mai cin riba, ta ɗauki garma da kanta. A kaset muka gan shi a gidan maƙwabta a Fagge, shekarar da Baba ya rasu. Inna ba ta jin Indiyanci ko kalma ɗaya. Amma da aka zo inda mai bashin yake lissafin hatsi, sai ta tashi ta fita, wai za ta duba tukunya. Ranar ba a ɗora tukunya a gidanmu ba.

Tsire ya kusa ƙarewa na ce musu na janye maganata, na faɗi gaskiya. Ɗan Ibon ya yi dariyar da na zata. Na gaya masa fim ɗin ya shiga takarar Oscar a 1958, wani fim ɗin Fellini ne ya kayar da shi. Ya yi shiru. Sai abin ya ba ni haushi, don me sai na kira Turawa shaida kafin a saurare ni?

Bayaraben kuwa cewa ya yi kakarsa a Ibadan ma tana son fim ɗin. Ya tambaye ni ko shi ne wanda uwa ta harbe ɗanta a ƙarshe. Na ce shi ne, Birju sunan yaron.