Hawaye a Gidan Silima

Hausawa na cewa, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Na daɗe ina dogara da wannan karin magana kamar yadda makaho ke dogara da sandarsa, har ranar da wani yaro ɗan shekara 17 ya ja ni zuwa gidan silima, ya nuna mini abin da na shekara biyu ina kau da kai daga gare shi. Labarin wannan rana nake so in ba mai karatu.

Ni mutumin Nguru ne, garin da layin dogon da ya taso daga Kano ya tuƙe a shekarar 1930. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, fataucin fata da ƙaro yake yi, kuma a wurinsa silima matattarar 'yan iska ce, ɗan mutunci ba ya taka ƙofarta. Duk da haka mukan saci jiki mu faɗa gidan bidiyo, mu jeru a kan benci, janareta na ruri a bayanmu, muna kallon finafinan Indiya da na Chanis. Amma zane mai motsi, watau katun, ko a wancan lokaci mun bar wa ƙannenmu shi, domin iyakar saninmu da shi kyanwa ce ke bin ɓera. Da wannan ra'ayi na girma, da shi kuma na zama malami.

Ina da ƙanwa da aka kai aure Gashuwa, tafiyar kamar awa guda a mota daga Nguru. Duk wanda ya san ƙasar Bade ya san ciwon da ya addabi garuruwan bakin Kogin Yobe, watau ciwon ƙoda, wanda zargin jama'a a kansa ya fi karkata ga ruwan sha. Shi ne ya kama ta. Aka shiga wankin ƙoda, sau biyu a mako, kowane zama awa huɗu, ana bin hanyar Bayamari da Dapchi zuwa Damaturu. Babban ɗanta, yana ɗan shekara 14 a lokacin, shi ya ɗauki jinya. Shi ke goya ta daga ɗaki zuwa mota, shi ke auna mata ruwan da likita ya yarda ta sha, shi ke kwana a zaune yana yi mata fifita. Muka sayar da fadamar gado, kuɗin suka ƙare, ita kuma ta cika a daminar 2023.

Bayan sadakar bakwai na ɗauko yaron ya dawo hannuna. Na kuma ɗauko wani abu daban da ban faɗa wa kowa ba. Muna da yaya a Gashuwa wanda Allah Ya hore wa abin hannu, kuma a ganina bai miƙa hannun yadda ya kamata ba. Ban yi masa faɗa ba, ban zage shi ba. Na dai daina kiransa, na daina zuwa garin, ko da salla. In an tambaye ni sai in ce aiki ne ya yi yawa. A raina kuwa na raɗa wa wannan hali suna haƙuri, alhali kuwa gaba ce tsagwaronta.

Yaron ba mai yawan magana ba ne. Abin da na lura da shi kawai, kullum da dare yana duƙe a kan waya yana karanta wasu zane-zane baƙi da fari. Wata rana na yi masa faɗa, na ce ƙato da shi yana ɓata lokaci a kan wasan yara. Bai musa ba, sai ya miƙo mini wayar ya ce, "Kawu, duba ka gani, daga dama ake fara karanta shi, kamar allo." Wannan ya ba ni mamaki. A nan na san cewa Japanawa na kiran irin waɗannan littattafai manga, watau labari ne da ake bayarwa da zane, gida-gida, maganar kowa a rubuce kusa da bakinsa. Wanda yake karantawa sunansa Kimetsu no Yaiba, a Turance kuma Demon Slayer. Koyoharu Gotouge ne mai shi, an riƙa buga shi mako-mako a mujallar Weekly Shonen Jump daga 2016 zuwa 2020, sa'an nan aka tattara shi a juzu'i 23. Na mayar masa da wayarsa, ban sake ra'ayi ba.

A watan Satumba na 2025 wata hidima ta kai ni Abuja, na tafi da shi domin ya ga gari. Ranar da za mu juyo sai ya tsaya a gabana yana murza hannu, ya ce, "Kawu, an fara nuna fim ɗin nan a silima. Don Allah ka kai ni." Tun da ya zo gidana bai taɓa roƙona komai ba, ko takalmi. Na tuna da mahaifinmu, na dubi maraya, na ce to.

Gidan silimar bai yi kama da abin da aka tsoratar da mu da shi ba. Ɗaki ne mai sanyi, kujeru a jere hawa-hawa, cike da samari da 'yan mata, har da magidanta irina. Fim ɗin shi ne Infinity Castle, wanda kamfanin ufotable ya zana, Haruo Sotozaki ya ba da umarni, aka fara nuna shi a Japan ranar 18 ga Yuli, 2025. Tsawonsa awa biyu da minti 35, kuma daga baya ya zama fim ɗin Japan da ya fi kowanne kawo kuɗi a duniya. Kafin a kashe fitilu yaron ya gutsura mini tushen labarin. Tanjiro yaro ne mai sayar da gawayi. Wani dodo ya hallaka gidansu, ƙanwarsa Nezuko kaɗai ta tsira, ita ma ta rikiɗe ta zama dodo. Maimakon ya guje ta, sai ya sa ta a akwati ya goya a baya, ya shiga duniya neman maganin da zai mayar da ita mutum. Da ya zo kan maganar goyon, sai ya yi shiru. Ni ma na yi.

Rabin farko na fim ɗin ya ruɗa ni. Wata fada ce marar iyaka, ɗakuna na kifewa, benaye na juyawa, takubba na tartsatsi, ƙarar kuwa har a ƙirji nake jin ta. Matasa na ihu suna tafi, ni kuwa ina fama da bin fassarar Turanci da ke gudu a ƙasan majigin. Na ce a raina, ai fim ɗin Chanis ne aka zana da alƙalami.

Can sai faɗa ya kai ga wani dodo mai suna Akaza, wanda ba abin da ya tsana kamar rauni da raunana. Tanjiro ya sare masa kai, amma ya ƙi faɗuwa. A wannan hali ne rayuwarsa ta farko ta dawo masa, ɗakin kuma ya yi tsit. Ashe shi ma mutum ne, sunansa Hakuji, ɗan talaka mai yanke aljihu domin ya saya wa mahaifinsa magani. Uban ya kashe kansa don kada ya zama sanadin lalacewar ɗansa. Wani malamin dambe ya tsince shi, ya damƙa masa jinyar 'yarsa Koyuki. Ya yi ta dawainiya da ita dare da rana har ta miƙe, aka yi musu baiko. Ya tafi ziyarar kabarin mahaifinsa domin ya kai albishir, kafin ya dawo maƙiya sun zuba guba a rijiyar gidan, malamin da yarinyar duk sun mutu. Ya je ya kashe mutum 67 da hannunsa, daga nan ya zama dodo, ya shekara fiye da ɗari yana neman ƙarfi, har ya manta dalilin da ya sa yake nemansa.

Ya kai mai karatu, da aka nuna rijiyar nan ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Na waiga a sace don kada yaron ya gani, sai na tarar shi ma fuskarsa sharkaf. A kan majigin akwai masu jinya biyu: ɗaya ya goyi ƙanwarsa bai bar zuciyarsa ta bushe ba, ɗaya kuma baƙin ciki ya cinye shi har ya manta da fuskar wadda yake fushi dominta. Ba sai an gaya mini wanne ne ke zaune a gefena ba, wanne ne kuma ke zaune a kujerata.

Da muka fito muka zauna a mota, ba wanda ya ce uffan. Can ya ce, "Kawu, ka san Baba Babba ne ya riƙa biyan kuɗin motar Damaturu? Shi ya ce kada in faɗa wa kowa." Na ce me ya hana ka gaya mini tuntuni? Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba ka taɓa tambayata komai a kan jinyar Umma ba." Gaskiya ya faɗa. Shekara biyu muna cin tuwo a kwano ɗaya, ban taɓa tambayarsa yadda ya kwana da wannan nauyi ba. Littafin zanen da na raina shi ne ya zauna da shi a daren da ni na kasa.

Ba ina cewa kowane katun alheri ba ne. Wannan ɗin ma akwai jini da sare-sare da ba su dace da ƙananan yara ba, akwai kuma al'adu da aƙidun da ba namu ba, waɗanda dole babba ya zauna da yaro ya tace masa. Sai dai ba a tace abin da ba a kalla ba. Kakanninmu da suka ba mu tatsuniyar Dodo da Gizo sun san cewa wata gaskiyar ta fi shiga kunne idan aka sa ta a bakin abin da babu shi. Mu da muke koyar da adabi ya kamata mu fi kowa sanin haka, mu kuma tambayi ɗalibanmu abin da suke karantawa kafin mu yanke masa hukunci.

Mako biyu bayan dawowarmu na shiga motar Gashuwa. Na sami yayanmu a ƙofar gida bayan la'asar, ya tsufa fiye da yadda na bar shi. Na durƙusa na gaishe shi, bakina ya yi nauyi. Bai tambaye ni inda na shiga ba, sai ya matsa mini a kan tabarma, ya ce a kawo wa baƙo ruwa. Na karɓa na sha.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinya da alheri, Ya kuma raba zukatanmu da gaba, amin.