Ranar da aka buɗe gidan Birni

A jikin bangon zauren wani gida da ke unguwar Birni, a Damagaram, akwai kalmomi biyu da aka rubuta da farar ƙasa tun da jimawa: "Ba shiga." Shekaru fiye da arba'in babu baƙon namiji baligi da ya wuce wannan rubutu. Mai itace a zaure yake sauke kayansa, abokan maigida a zaure suke cin tuwo. Wata Asabar da safe, wata biyu bayan uwargida ta fita takaba, babban ɗanta ya sa tsumma ya goge rubutun, domin gidan ya shiga kasuwa.

Ba rigima ce ta kawo haka ba, lissafi ne. Marigayin ya bar mata ɗaya, ƴaƴa maza huɗu da mata uku. Shari'a ta ba matar tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, saura kuma a raba shi kashi goma sha ɗaya, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Gida mai ɗaki shida ba ya rabuwa haka. Autan gidan, malamin lakol, ya so ya saye rabon ƴan'uwansa, kuma fiƙihun Malikiyya ya fifita abokin tarayya a kan bare wajen sayen irin wannan rabo. Amma albashin malami bai kai ba.

A al'ada, dillali ne ke kawo masu saye ɗaya bayan ɗaya, cikin sirri, tsawon watanni. Babban ɗan, ma'aikaci a Yamai mai hutun kwana uku, ya ce a yi irin yadda ake yi a Amurka: a sa rana guda, a buɗe gida ga duk mai sha'awa, masu gida kuma su fice domin baƙi su sake.

"Inna, ki yi haƙuri ki wuni Zengo wurin ƙanwarki," in ji shi.

Ita kuwa, da yake ba ta faɗin sunan ɗan fari, sai ta ce: "Kai wannan, gidan da na shigo da lulluɓi ba zan bari baƙi su shige shi babu mai ce musu sannu da zuwa ba."

Ta sa aka share tsakar gida aka yayyafa ruwa, ta turara ɗakuna, ta dama fura, ta shimfiɗa tabarma a gindin randa ta zauna.

Da hantsi mutane suka fara shigowa. Wani attajiri ya auna tsakar gida da ƙafa, tsawo da faɗi, bai ko ɗaga kai ya dubi rufi ba. Shi fili ya zo saye: zai rushe, ya gina shaguna da bulo da siminti. Wani ma'aikaci ya yi ta tambayar takardu. Yaran unguwa suka leƙa ɗakin da ba su taɓa gani ba. Wani tsohon magini, wanda bai zo da ko dala ba, ya tsaya ƙarƙashin ɗaurin gugan turakar marigayi, ya ƙwanƙwasa azara, ya ce giginya ce, gara ba ta cika cin ta ba. Ya shafa bangon tubali da aka yaɓe da makuba, ya nuna wa autan dagin da ke saman ƙofa da zankwayen da ke kan soro. Yaron da aka haifa a gidan sai ranar ya ji sunayen waɗansu sassansa.

Dillali ya riga ya sa an jingina tabarma a kusurwar gabas, inda bango ya tsage. Da tsohuwar ta ga baƙi sun nufi wurin, sai ta tashi ta janye tabarmar da hannunta.

"Alhaji, nan yana yoyo cikin watan Agusta in ba a gyara indararo ba," ta ce. "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Babban ɗan ya sunkuyar da kai. Ya san addini ya hana ɓoye aibin abin sayarwa, ya kuma san maganar za ta rage kuɗi. Attajirin bai damu ba, domin bangon da za a rushe ba a tambayar lafiyarsa. Mutum ɗaya kaɗai ya durƙusa ya duba tsagar, wani tela mai iyali, ya ce: "Hajiya, wace shekara aka yi yaɓen ƙarshe?" Daga wannan tambaya ta gane wanda ya zo neman gida.

Da la'asar tayi biyu suka rage, kuma na attajirin ya ɗara na telan. Magada suka keɓe a zaure. Babu mai laifi cikin waɗanda suka so kuɗi mafi yawa: wannan yana da ɗiya a bakin aure, wancan yana haya. Sai tsohuwar ta aiko autan da saƙo: a sallama wa tela, a cire bambancin daga tumuninta. Aka yi shiru, sa'an nan aka kira shaidu, aka ba dillali la'adarsa, aka shafa fatiha.

Birni unguwa ce mai tarihi. Sarki Tanimun ya kewaye ta da ganuwa a ƙarni na 19, kuma Damagaram ce babban birnin ƙasar kafin a mayar da shi Yamai a 1926. A 2006 Nijar ta sa tsohon garin cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta karɓa. Amma takarda ba ta yaɓe bango. Makomar gidajen ƙasa ana yanke ta ne a zaure, ranar rabon gado, tsakanin mutanen da ke da buƙata ta gaskiya. Ƙungiyoyin al'adu da ke kukan ɓacewar soraye ya kamata su san wannan rana kafin ta zo, su kuma nemi maginan da suka rage tun suna raye.

Tsohuwar ta koma ɗaki guda a gidan autanta. Damina na kusantowa, ta aika a tuna wa telan maganar indararo. Ɗan aiken ya dawo ya ce an riga an gyara, kuma an sake rubuta kalmomin nan biyu a bangon zaure. Ta ce Allah ya sa albarka, ya zaunar da su lafiya.