Daga Riƙon Alli zuwa Gashin Ƙashi

A Omdurman akwai wata Bahaushiya, jikar mahajjatan da suka yada zango a bakin kogin Nilu ba su koma gida ba. Shekara tara tana koyar da yara lissafi, har ranar da ɓarin jikin mahaifiyarta ya shanye. Duk mako sai su ƙetare gada zuwa Khartum neman mai gashin ƙashi, su tarar da dogon layi, ma'aikata kuwa 'yan ƙalilan.

Nan ta ƙudurta ajiye alli. Ta nemi gurbi a Jami'ar Ahfad ta mata, wadda ta fara koyar da fannin a 2007. Dangi suka ce ta saki reshe ta kama ganye. Mahaifiyar ce kaɗai ta ce, "Je ki, 'yar nan, Allah ya yi miki albarka."

Albashi ya yanke, ga haddar jijiyoyi da gaɓoɓi cikin tsarar ƙannenta. Amma haƙurin koyarwa ya yi mata rana, domin mai koyon tafiya bayan jinya tamkar ɗan aji ɗaya yake, sai da maimaici da lallashi.

Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, masu raunin harsashi suka yawaita. Tun daga lokacin hannunta bai huta ba.