Daga Korahane zuwa Yamai: Wace Mota ce ta Cancanci Kuɗin Asusu?

 

Ranar nan muna zaune bayan an rufe akwati, sai ɗiyar sakatariyarmu, wadda ke karatu a Maraɗi, ta miƙo mana waya ta ce mu ga abin mamaki. Wani jirgin ruwa ne mai suna Icon of the Seas, wanda ya fara ɗaukar mutane daga Miyami ta Amurka a 2024. Hawa 20 gare shi, tsawonsa mita 365, kuma yana iya ɗaukar fasinja fiye da 7,000. Masu shigarsa ba fatauci ke kai su ba. Mako guda suke yi a kan teku, su ci, su sha, su yi kallo, su komo inda suka tashi. Yarinyar ta ce kafin mutum ya biya, sai ya auna kamfanonin jiragen a kan abu uku: ɗakin da za a ba shi, ƙarin da ke cikin kuɗin, da nishaɗin da ake yi a ciki. Ɗaki mafi araha ko taga ba shi da ita. Mai baranda ya fi tsada. Sau da yawa kuma intanet da wasu abubuwan sha, kuɗinsu daban ne.

Inna ma'ajiya ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "To mi ya raba su da mu? Su ruwa, mu kwalta. Mu ma ai haka muke auna motar Yamai."

Muka yi dariya, amma gaskiya ta faɗa. Nijar ba ta da teku, jirginmu shi ne kar. A shekarar da ta wuce ƙungiyarmu ta tura mata biyu-biyu har sau uku zuwa Yamai, su kai cuku da tabarmi, su saro atamfa da kayan kwalliya a Babbar Kasuwa. Kowace tafiya da irin motar da aka shiga. Tunda ƙungiyoyi da yawa suna tambayarmu wacce ta fi, muka ga ya kamata mu rubuta abin da muka gani da idonmu.

Hanyar dai ɗaya ce. Daga Korahane sai Dakwaro, daga nan a bi ta Kornaka a faɗa babban titi a Tibiri, a shiga Maraɗi. Wannan kaɗai ya fi kilomita 100. Daga Maraɗi zuwa Yamai kuwa sama da kilomita 600 ne: Gidan Rumji, Madawa, Galmi, Malbaza, Tsarnawa, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, sannan Yamai. Wuni ne cur, in Allah ya sa an tafi lafiya.

Tafiyar farko muka ce mu yi tattali. Muka shiga ƙaramar motar tasha, irin wadda ba ta tashi sai ta cika. Kuɗinta ya fi na kamfani sauƙi da jika biyu a kan kowace mace, muka ji daɗi, muka ce mun ceci jika huɗu na asusu. Tun hantsi muke zaune ana cewa saura mutum biyu, ba mu tashi ba sai bayan azahar. Kujerar mutum uku aka sa mu huɗu, gwiwa na dukan ƙarfen gaba. Kayanmu aka ɗora bisa, muka roƙi yaron mota, muka ce, "Don Allah ɗan nan, cuku ne, kada a danne." Ya ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki." A Madawa aka ƙara buhuna a kai muna ji muna gani. A Ƙonni direba ya ce nan ya tsaya, ya sayar da mu ga wata mota, ita kuma ta ce sai mun biya kuɗin kaya sabo. Dare ya yi mana a Doso, muka kwana a tasha, muka sayi abincin dare da na safe da ba mu sa a lissafi ba.

Da muka kwance kaya a Yamai, kusan rabin cukun ya zama gari. Kun san cuku, in ya karye ya rasa daraja. Haka muka karyar da shi a farashin banza. Araha ba ta ado.

Amma ba asarar cukun ce ta fi yi mana ciwo ba. Da muka komo gida aka zauna lissafi, ba mu da takarda ko ɗaya. Baki kawai: nan mun biya kaza, can an karɓi kaza. Babu wadda ta ce mun ci kuɗi, amma an yi shiru irin wanda ya fi magana nauyi. Wata ta ce, "Ni dai ban taɓa jin an biya kuɗin kaya sau biyu ba." Mako uku ana gaisuwa sama-sama tsakanin matan da suka yi shekaru suna zubi tare. Tun da aka fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, abin da ke riƙe kowace ƙungiya shi ne a ƙirga kuɗi a gaban kowa. Mu kuwa mun kashe kuɗin jama'a a inda idon jama'a bai kai ba.

Tafiya ta biyu muka shiga babbar kar ta kamfani, ta talakawa. Kamfanonin suna da dama a Maraɗi, akwai Rimbo, da STM, da Al Izza, da Sonef, da wasunsu, kowanne da tasharsa. Mun zaga uku kafin mu yanki tike, kuma muna ba ku shawara ku yi hakan, don farashi da lokacin tashi suna canzawa. Tun da yamma muka kai kaya. Aka rubuta lamba a jikin kowane ƙunshi, aka ba mu takardar kuɗin kaya daban da tiken mutum. Kayan a cikin cikin motar ake sa su, ta ƙasa, rana ba ta dukansu, ƙura ba ta shiga. Muka tsaya a kai har sai da aka sa kwalin cukunmu a sama da sauran. Daren nan a tashar muka kwana, a rumfar da aka shimfiɗa tabarmi, ga wurin alwala, ga makewayi. Ga matan ƙauye da ba su da masauki a birni, wannan ba ƙaramin ƙari ba ne. Da asuba aka kira sunaye, kowa ya zauna a lambar kujerarsa.

A wannan motar ce muka ga ƙasa, don akwai tsayi kuma tagogin manya ne. Mun ga buhunan albasar Galmi jere a bakin titi, ja wur, mun ga masana'antar siminti ta Malbaza, mun ga mararrabar Tsarnawa inda hanyar Tawa ta rabu. A Ƙonni aka tsaya sallah da cin abinci, masu talla suka yanyame motar da tsire da ƙwai da ruwan leda. Wajen Dogon Dutsi muka ga jajayen duwatsun da suka ba garin sunansa. Bayan Doso yaren masu talla ya juya, aka koma Zabarmanci. Kusa da Kure wani ɗalibi ya ce mu zuba ido, nan ne mazaunin raƙuman dawa. Ranar ba mu yi sa'ar ganinsu ba, amma a dawowa mun hango biyu nesa cikin itatuwa.

Nishaɗi kuwa, an ba mu har ya yi yawa. Da asuba karatun Alƙur'ani, hankali kwance. Rana na fitowa aka kunna talabijin: fim ɗin Kano, sai na marigayi Ibro da ya sa mota duka dariya, sai na Indiya mai fassarar Hausa. Da aka sa kokowar gargajiya, Issaka Issaka na Doso ya fito, maza suka kaure da gardama har sai da direba ya tsawatar. Sai dai kujerarmu tana ƙarƙashin lasifika, muka sauka kanmu na sarawa. Mun roƙa a rage, aka rage na ɗan lokaci, aka sake ƙurewa. Mai yankan tike, ki nemi kujerar tsakiya, nesa da lasifika, kuma ba can baya ba inda kowane rami sai ya ɗaga ki sama.

Kafin magariba muna Yamai. Cuku bai karye ba sai 'yan ƙalilan. Da muka komo, muka zube takardu huɗu a kan tabarma, sakatariya ta karanta, aka rubuta, aka wuce wurin. Ko minti goma ba a yi ba.

Tafiya ta uku da Inna ma'ajiya aka yi, tana son ta ga likitan ido a Yamai. Saboda shekarunta muka ce a gwada mai sanyi, wadda suke kira ta manya. Kujerun suna da faɗi, suna kwantawa baya, akwai wurin miƙe ƙafa, akwai inda ake sa cajin waya. An raba mana ruwa da ɗan abin taɓawa. Ba a tsayawa ɗaukar fasinja a ko'ina, muka isa da sauran rana. Amma lokacin hunturu ne. Iskar kilim na busowa daga sama, Inna ta ƙudundune cikin zane biyu tana cewa, "Ɗiyata, wanga sanyi da Allah ya ba mu kyauta a Korahane, shi muka zo saye da kuɗi?" Ruwan da abin taɓawar da aka ba mu kuwa, in muka saye su a bakin titi, ba su kai rabin ƙarin da muka biya ba. Abin da muka saya na gaske shi ne sararin zama da sauri. Ga mai ciwon ƙafa ko baya, ko mai juna biyu, ko a tsakiyar bazara, ya cancanci kuɗinsa. Ga mai lafiya da ke rakiyar kaya, ƙawa ce kawai.

Bayan tafiye-tafiyen nan uku, ƙungiya ta zauna ta yanke hukunci, aka rubuta a littafi. Motar tasha, iyakarta daga gida zuwa Dakwaro da Maraɗi, kuma kaya masu karyewa a cinya ake riƙe su. Doguwar tafiya da kuɗin asusu, sai motar da ke ba da tike da takardar kaya. Asusu yana biyan kuɗin kar ta talakawa. Wadda ke son mai sanyi, ta cika daga aljihunta, sai in rashin lafiya ne ƙungiya ta amince tun kafin a tashi. Abin da aka kashe inda ba a ba da takarda, kamar kabu-kabu da abinci, su biyun da suka tafi su rubuta nan take, ko su sa a rubuta musu.

Kafin ki yanki tike, ki tambayi abu huɗu: ƙarfe nawa ake tashi, nawa ne kuɗin kaya, akwai wurin kwana a tasha, kuma motar za ta kai ki har inda za ki ko za a juye ki a hanya. Kada ki manta katin ɗan ƙasa, don ana tambayarsa a shingayen jami'an tsaro. Ki tafi da zane mai kauri ko da bazara ce, da ɗan guzurin ƙuli-ƙuli da dabino.

Wadda ta yi maganar kuɗin kaya sau biyu, ita muka tura a tafiya ta biyu, da gangan. Da ta komo, a gaban kowa ta dubi Yaya da ta jagoranci tafiyar farko, ta ce, "Yaya, ki yafe mini. Na ga hanya da idona." Yaya ta ce, "Ba komi, Allah ya yafe mana baki ɗaya." Bana su biyun ne za su kai kayanmu bayan girbi.

Ƙungiyoyin da ke bin hanyar Damagaram ko ta Tawa, ku aiko mana da naku labarin mu ƙaru da juna. Allah ya tsare hanya, ya sa albarka a asusunmu.